Tawada da Sunayenta a Garin Bauchi: Daga Zuge da Ƙaro zuwa Tawadar Sifirit

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tawada, kuma ya daɗe yana haɗa abarsa da hannunsa daga abubuwan da ke kewaye da shi. A garin Bauchi, kamar sauran biranen ƙasar Hausa, almajiri kan koyi haɗa tawada tun kafin ya iya rubuta allonsa da kansa. Sai dai a 'yan shekarun nan wata irin tawada ta ɓullo a fagen zane-zane, wadda ake haɗawa da sifirit maimakon ruwa, kuma duk mai wayar hannu yana iya ganin yadda ake yin ta a gida. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake haɗa tawadar gargajiya da yadda ake haɗa wannan baƙuwar, sa'an nan ta duba sunan da ya dace a kira ta da shi a Hausa. Dalili kuwa shi ne, kalmar tawada tana ɗauke da wata fahimta a zuciyar Bahaushe, wato abu ne da ake wankewa har ma a sha, alhali kuwa baƙuwar tawadar guba ce.

2.0 Asalin Kalmar Tawada

Masana sun danganta kalmar tawada da kalmar Larabci dawāt, wadda ke nufin mazubin tawada. Ga alama ba kai tsaye ta shigo Hausa ba, ta biyo ta harsunan Buzaye ne, inda ta samo ɗafa-goshin ta- na jinsin mace, kamar yadda ya faru ga kalmar takarda. Siffar da ta fi kusa da asali ita ce tadawa, wadda har yanzu ake ji a wasu kare-karen harshen Hausa, kuma da wannan siffa Yarbanci ya are ta. Musayar gurbi tsakanin /d/ da /w/ ita ta haifar da tawada ta daidaitacciyar Hausa. Haka kuma ma'anar ta gusa daga mazubi zuwa abin da ke cikinsa, shi kuwa mazubin Bahaushe ya kira shi kurtu, wato ɗan ƙaramin duman da ake fafewa don wannan aiki.

Sauran abokan tafiyarta ma aro ne daga Larabci: allo daga al-lawḥ, alƙalami daga al-qalam. Abin lura a nan shi ne, sunayen kayan rubutu aro ne, amma sunayen kayan haɗin tawada da aikatau ɗin da ke bayyana haɗin kusan duk na gida ne. Wannan yana nuna cewa ilimin rubutu ne ya zo daga waje, amma hikimar sarrafa itace da ƙasa don samun launi Bahaushe yana da ita a wajen marina da majema da dukawa.

Ta fuskar nahawu, tawada suna ne jinsin mace, don haka tana ɗaukar mahaɗin -r: tawadar allo. A Bausanci kuwa, inda bambancin jinsi ya yi rauni, an fi jin tawadan allo. Kalmar ta kuma shiga maganar yau da kullum, alal misali tawadar Allah, wato baƙin tabon da ake haihuwar mutum da shi.

3.0 Tawadar Gargajiya a Garin Bauchi

Garin Bauchi gari ne na malamai tun kafuwarsa. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya karɓo tutar jihadi, shi ya kafa garin a 1809, kuma ya yi mulki har zuwa rasuwarsa a 1845. Da tawada da alƙalamin gamba aka riƙa gudanar da sha'anin mulki tsakanin Bauchi da Sakkwato, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Yakubu amsoshin tambayoyin da ya aika masa. Amfani da launi don zane kuwa ya girmi wannan zamani nesa ba kusa ba a ƙasar Bauchi, kamar yadda zane-zanen jan launi da ke jikin duwatsun Geji da na Shira suka shaida.

Kowace irin tawada, ta da ko ta yanzu, tana tsaye ne a kan abubuwa uku:

(1) launi, wato abin da ido ke gani;
(2) ruwan da ke ɗauke da launin daga kurtu zuwa abin da ake rubutu a kansa;
(3) maɗauri, wato abin da ke manne launin bayan ruwan ya bushe.

Bambancin da ke tsakanin ire-iren tawada yana komawa ne ga abin da aka sa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan gurabu uku.

3.1 Tawadar Allo

Tawadar da aka fi sani a makarantun allo da tsangayu ita ce ta zuge. Akan ƙona itace, musamman na aduwa, ya zama gawayi, a daka shi, a tankaɗe, sa'an nan a dafa shi da ruwa da ƙaro har ya haɗe. Inda babu zuge akan kankare baƙin tukunya ko kunkunniya a dama da ruwan ƙaro. Shi ƙaro ɗanko ne da ke tsattsafowa daga itatuwan ƙaya irin su dakwara, kuma arewa maso gabashin Nijeriya na daga cikin wuraren da ake samun sa da yawa.

Gawayi ba ya narkewa a ruwa, komai daɗewarsa a ciki. Abin da ke faruwa shi ne, ƙaro yana lulluɓe ƙananan ƙwayoyin garin ya hana su saurin kwanciya a gindin kurtu, idan kuma an yi rubutu ruwan ya bushe sai ya manne su a fuskar allo. Idan ƙaro ya yi kaɗan rubutu yakan goge da taɓawar hannu, idan kuwa ya yi yawa sai ya yi ƙyalli ya riƙa ɓamɓarewa. Da yake ƙaro yana sake narkewa da zarar ya haɗu da ruwa, wanke allo ba ya da wuya. A nan ne al'adar rubutun sha ta sami gindin zama, domin kuwa gawayin itace da ƙaro da ruwa ba abubuwa ne masu halakarwa ba.

3.2 Tawadar Takarda

Marubuta Alƙur'ani da masu kwafar littattafai suna buƙatar tawadar da za ta zauna, don haka sukan nemi wani haɗin. Akan jiƙa ko a tafasa 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su, a zuba kashin maƙera ko tsohon ƙarfe mai tsatsa, a bar su su tsumu, a tace, sa'an nan a sa ƙaro. Sinadarin da ke sa bagaruwa bauri shi ne yake haɗuwa da ƙarfen ya ba da baƙi, kuma baƙin yana ƙaruwa bayan an yi rubutu iska ta buge shi. Wannan dabara ce dukawa ke bi wajen haɗa kuloko na baƙanta fata, kuma irinta Turawa suka yi ƙarnuka suna amfani da ita da ƙullutun wani itacen ƙasarsu a madadin bagaruwa.

Wannan tawada tana shiga cikin zaren takarda ne, shi ya sa ba ta wankuwa. Amma tana da nata aibin: idan ƙarfe ya yi yawa takan ci takarda a hankali, har a tarar da gurbin harafi ya zama rami. Masu kula da tsofaffin rubuce-rubuce a Gidan Tarihi na Jos da Arewa House a Kaduna sun san wannan matsala. A 2011 Michaelle Biddle ta buga wani nazari a kan tawadar rubuce-rubucen arewacin Nijeriya, inda ta haɗa bayanan masu haɗa ta da gwajin kimiyya.

3.3 Sauran Launuka

A rubutun Alƙur'ani na ruwayar Warshu, wadda ita ce ta gado a ƙasar Hausa, baƙaƙe kan zo da baƙar tawada, wasulla da ja, sa'an nan a yi alamun hamza da rawaya da kore. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka shi ma launuka yake bukata. Ana samun ja daga koya, wato jar ƙasa, ko daga karan dafi, rawaya kuwa daga gangamau ko saiwar rawaya, shuɗi kuma daga shuni. Bayan da Bature William Perkin ya gano rinin farko na masana'anta a Ingila a 1856, irin wannan rini ya bazu a duniya, ya iso kasuwannin ƙasar Hausa da sunan galura, ya kuma ture da yawa daga cikin launukan gida saboda haskensa da sauƙin damawarsa.

4.0 Tawadar Sifirit

4.1 Yadda Take Aiki

Baƙuwar tawadar ta saɓa wa ta gargajiya a duk gurabun nan uku. Launinta rini ne mai narkewa ƙurmus, ba gari mai kwanciya ba. Ruwanta sifirit ne, wato etanol ko isofurofil. Maɗaurinta kuwa, idan akwai, wani irin ɗanko ne mai narkewa a sifirit, domin shi ƙaro ba ya narkewa a cikinsa, dunƙulewa yake yi.

Sirrin wannan tawada yana ga saurin bushewarta. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, etanol kuwa a digiri 78, isofurofil a kusan 82, don haka sifirit yana bin iska da sauri ƙwarai. Haka nan ba ya taruwa wuri ɗaya kamar ɗigon ruwa, bazuwa yake yi. Idan aka ɗiga tawadar a kan abin da ba ya tsotse ruwa, kamar tayil ko gilashi ko farantin tangaran ko takardar roba irin ta Yupo, sai ta malala tana tura launin zuwa gefe, ta bushe ta bar da'ira mai kaurin baki. Idan aka ɗiga wani launi ko tsurar sifirit a kai, sai na farkon ya sake narkewa ya matsa, su shiga juna. Mai zane yakan karkata tayil ɗin ko ya hura iska don ya sarrafa tafiyar launin. Wato naso, wanda aibi ne a wurin marubucin Alƙur'ani, shi ne abin nema a wurin mai wannan zane.

4.2 Yadda Ake Haɗa Ta a Gida

Ta kanti tana da tsada kuma daga waje ake shigo da ita, amma kayan haɗa ta a gida ba su fi ƙarfin kantin magani da masu sayar da kayan rubutu a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba. Akwai hanyoyi uku:

(4) Hanyar maka. A sami maka irin wadda rubutunta ba ya gogewa, ko da ta fara bushewa, a fasa ta, a zaro audugar da ke ciki, a tsaga ta, a jefa cikin kwalba mai murfi, a zuba sifirit kimanin cokali 3 ko 4, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe a matse audugar a fitar.

(5) Hanyar galura. A zuba ɗan garin a cikin sifirit, a girgiza, a bar shi ya kwanta, sa'an nan a tace da ƙyalle mai laushi. Ba kowace galura ce ke narkewa a sifirit ba, don haka ana fara gwadawa da kaɗan.

(6) Hanyar tsirrai. Gangamau ya fi sakin launinsa a sifirit bisa ga ruwa, yana ba da rawaya mai haske. Karan dafi da zoɓo suna ba da ja, lalle kuma ruwan ƙasa. Shuni da zuge da koya ba sa yi, domin ba sa narkewa.

Ƙarfin sifirit yana da muhimmanci. Wanda aka rubuta kashi 70 cikin 100 a jikin kwalbarsa ragowar ruwa ne, saboda haka yana jinkirin bushewa yana kuma barin tabo. An fi son mai kashi 90 zuwa 99. Man tsabtace hannu da ya yawaita tun annobar korona ta 2020 bai dace ba, saboda an sa masa abubuwan da ke sa shi kauri da danƙo.

4.3 Rauninta da Haɗarinta

Launi mai narkewa ba ya jure rana kamar gawayi. Rubutun zuge na iya shekaru ɗaruruwa bai koɗe ba, amma zanen maka ko na gangamau da aka rataye inda rana ke bugu yakan dusashe cikin ɗan lokaci. Don haka wannan tawada ba ta rubutun ajiya ba ce. Ban da haka, sifirit yana kama wuta nan da nan, tururinsa kuma yana sa jiri a ɗakin da ba iska, saboda haka ba a haɗa ta kusa da murhu ko fitilar kananzir.

Mafi girman haɗarin shi ne na sha. Sifirit ɗin da ake sayarwa don goge rauni akan gauraya shi da metanol ko wani abu makamancinsa da gangan don kada ya shawu, shi kuwa metanol kaɗan daga cikinsa yana makantarwa, yana kuma kisa. A 2015 mutane da dama sun rasa rayukansu a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas sakamakon shan ogogoro mai metanol. Ko bayan sifirit ya bushe, rinin maka da galura da ya bari ba abin kai wa ciki ba ne.

5.0 Matsalar Suna

Hausawa na cewa suna linzami ne. A Ingilishi ana kiran wannan tawada da sunan sinadarin alcohol, kuma tarihin wannan kalma yana da ban sha'awa ga mai nazarin Hausa. Asalinta al-kuḥl ne na Larabci, wanda shi ne tushen kalmar kwalli. A Latin na Turai ta fara nufin duk wani gari mai tsananin laushi, daga baya, tun daga ƙarni na 16, ta koma nufin abin da aka tato daga ruwan inabi. Ke nan kalmar ta riga ta shigo Hausa ta wata ƙofa da wata ma'ana, kuma ba za a iya juya ta ba, domin tawadar kwalli wani abu dabam za ta nuna.

Idan aka dubi yadda Hausa ke gina sunayen tawada, za a ga kalmar da ke bin mahaɗi tana nuna ɗayan biyu:

(7) abin da aka haɗa ta da shi: tawadar zuge, tawadar bagaruwa;
(8) inda ake amfani da ita: tawadar allo, tawadar biro, tawadar zaɓe.

Bisa tsari na (7), sunaye uku ne ke gaban mai fassara. Na farko shi ne tawadar giya ko tawadar barasa. Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Giya da barasa sunayen abin sha ne, ba sunan sinadari ba, don haka sunan yana ƙarfafa zaton cewa abin yana shawuwa. Sa'an nan a gari irin Bauchi, inda jiha ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2001, sunan kaɗai ya isa ya jawo wa mai zane zargin da bai ji ba bai gani ba. Hukuncin tsarkin sifirit magana ce ta malaman fiƙihu, amma bai kamata mai fassara ya yanke shi da kuskuren zaɓen kalma ba.

Na biyu shi ne tawadar alkohol. Wannan ba ta da laifi a littafin kimiyya, sai dai ba ta gaya wa wanda bai yi boko ba komai, wanda ya yi bokon kuma giya za ta faɗo masa a rai.

Na uku shi ne tawadar sifirit, kuma shi wannan maƙala ta zaɓa. Kalmar sifirit ta riga ta zauna a bakin ma'aikatan asibiti da masu aski da masu kantin magani. Ta kuma bi ƙa'idar aro: an raba baƙaƙen farko da wasalin /i/, /p/ ta koma /f/, an bar baƙin ƙarshe kamar yadda ake yi a sababbin kalmomin aro irin su fensir. Mafi muhimmanci, duk wanda ya san sifirit ya san abin shafawa ne mai zafi da kama wuta, ba wanda ke kai shi baki. Sunan da kansa gargaɗi ne.

Abin da ba zai yiwu ba shi ne a bar ta da sunan tawada kawai. A gidan da ake ajiye kurtu kusa da allo, yaro ko babba na iya ɗaukar kowace baƙar tawada ya yi rubutun sha da ita. Wannan haɗari ya shafi tawadar kwalba ta kanti da ta hatimi ma, amma ya fi tsanani ga wadda aka haɗa a gida aka zuba a kwalbar da ba rubutu a jikinta.

Game da sauran kalmomin fannin kuwa, ba a bukatar aro mai yawa. Hausa tana da jiƙa da tsuma da tace da narke da kwanta da naso da koɗe, kuma duk sun dace da sabon aikin. Giɓin da ke akwai shi ne na rarrabe launin da ke narkewa da wanda ba ya narkewa, bambancin da a kansa dukkan bayanin nan ya tsaya. Ana iya cike shi da launi mai narkewa da launi mai kwanciya.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tawadar allo da ta takarda da ta sifirit sun yi tarayya a suna, amma sun sha bamban a haɗi da aiki da haɗari: ta farko an yi ta don a wanke, ta biyu don ta zauna, ta uku don ta malala ta bushe. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana kalmomin gargajiya da yawa, kuma aikin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna hanyar da za a bi a fannin harshe da adabi. Fannin zane da launi ma yana bukatar irin wannan aiki. A garin Bauchi akwai alarammomi masu haɗa tawada, akwai dukawa da marina, ga kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa inda ake koyar da zane da aikin tangaran da na yadi. Ya kamata masana harshe su zauna da waɗannan ɓangarori, su tattara kalmomin tsofaffin tun masu su na raye, su kuma daidaita na sababbin kafin kuskuren fassara ya kama baki.